Kawuna da Takardar Taransfoma

Daga Allah muke, wurinsa za mu koma, Kawu kuma ya riga mu tafiya. Ya rasu wata Talata da hantsi a tsakiyar damina, aka kai shi makwancinsa kafin azahar. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne abin da idona ya gani, kunnena ya ji a wurin zaman makokinsa. In ban rubuta ba, maganar da aka yi ƙasa-ƙasa a kan tabarmin nan ita za ta zama tarihinsa, ni kuwa ba zan yarda ba.

A ƙofar zaurensa aka shimfiɗa tabarmi, ƙarƙashin darbejiya. Duk wanda ya zauna a nan, ko ya so ko bai so ba, idonsa sai ya faɗa kan wani dandamalin siminti da ke tsallaken hanya, falwaya biyu na tsaye a gefensa, wayoyi na reto. A kan dandamalin nan taransfomar ƙauyenmu ta zauna shekara da shekaru, kuma lokacin rasuwar watanta tara ke nan da ɗaukewa. Mutum zai zo ya durƙusa ya ce ya haƙuri, a yi fatiha a shafa, sai ka ga ya saci kallon dandamalin, ya ɗaga kai ya dubi sabon kwanon da ke kan zauren Kawu, sannan ya dubi na kusa da shi. Ni dai ina kallo, kuma ba yau aka haife ni ba.

Da mai unguwa ya zo ya ja doguwar addu'a, a tsakiyarta ya saka cewa Allah ya yafe wa mamaci abin da aka sani da wanda ba a sani ba, in kuma akwai haƙƙin jama'a a kansa Allah ya sa a yafe. Amin ɗin da aka amsa a nan ta fi sauran ƙarfi. Mai injin niƙan garinmu ko zama bai yi ba, a tsaye ya yi gaisuwa ya juya. Wani tsoho daga wajen Makoda, abokin Kawu tun suna samari, shi kaɗai na ga yana share hawaye da bakin rawani, bai san ma me ake ciki ba. Kafin la'asar maganar ta shiga cikin gida ta isa kunnen Inna, mahaifiyata, ƙanwar Kawu uwa ɗaya uba ɗaya. Ta sa aka kira ni soro, ta ce in gaya mata ko gaskiya ne mai unguwa ya faɗi haka. Na ce ai addu'a ce, kowa ana yi masa. Ta ce ta san addu'a, ta kuma san habaici, kada in raina mata hankali.

Bari in faɗi zargin a fili, tunda ba wanda ya iya faɗarsa a gaban mai shi. Wai Kawu ya haɗa baki da ma'aikatan kamfanin wuta, ya sa musu hannu suka ɗauke taransfomar da gari ya yi karo-karo ya saya, aka ba shi na goro mai kauri, shi ne ya rufe zaure. Kuma kada in wanke kaina. Ni ma, ɗan ƙanwarsa, malamin firamare mai ganin kansa wayayye, na yi masa wannan zargin.

Abin dariyar, in har abin dariya ne, tun daga nan har Dawakin Tofa ban san mutumin da ya kai Kawu rashin yarda ba. Manomi ne, gero da dawa da gyaɗa, sai shanun huɗa biyu. In ya sayi taki sai ya farke buhun a gaban mai shago, ya zura hannu har gwiwa, ya damƙo na ƙasa ya shinshina. In ka ba shi labari, ko na haihuwa ne, tambayarsa ta farko wa ya ce, ta biyu shi kuma wa ya gaya masa. Ta ukun ita ta zame masa suna a bayan idonsa: a rubuce yake? Inna ta ce tun yana saurayi aka taɓa cutarsa a wurin awon gyaɗa, aka yi masa alkawarin fatar baki, da ya koma aka ce ba a san fuskarsa ba. Tun ranar ya daina karɓar magana tsurarta. Bai yi boko ba, amma ajaminsa kamar na ɗab'i yake, lambobin bature kuma ya koya wa kansa.

Zama da shi akwai gajiya, gaskiya. Ka ce masa ka je Kano, sai ya tambaye ka motar wa ka shiga. Ranar da aka ɗauke ni aikin koyarwa na rugo da murna in gaya masa, bai ce barka ba sai da na koma gida na ɗauko takardar, ya juya ta gaba da baya, ya murza hatimin da babban yatsa ko zai goge. Na tafi ina huci. Washegari sai ga kekensa an kawo mini, wai makarantar da nisa, in riƙa hawa har in sayi nawa. Wata shida ya yi yana zuwa gona a ƙasa, kuma duk Juma'a sai ya zo ya duba ko na sa wa sarƙar mai. Haka alherinsa yake, kullum da bincike a gabansa ko a bayansa. Sai dai shi in yana zarginka, a gabanka zai tsaya ya tambaye ka, ka ba shi amsa, a wuce wurin.

Tun ranar da aka jawo wuta ƙauyenmu ya sa ƙwan lantarki ɗaya a zaure, ya hana a yi masa makunni. Wai ƙwan shaida ne. In wuta ta zo ya kama, in ta tafi ya mutu, Kawu kuma ya ɗauko littafinsa a taga ya rubuta. Ba ya duba agogo, don agogo ma bai cika yarda da shi ba, da salla yake awo: ta zo bayan azahar, ta tafi kafin la'asar. In yana gona, matarsa, wadda duk muke kira Iya, ita ke lura ta gaya masa, sannan ya leƙa maƙwabta ya tabbatar. Iya ta sha cewa shekara arba'in suna tare amma har yau maganarta sai da shaida. Mun yi masa dariya ba adadi, muna tambayarsa ranar da za a zo karɓar littafin a ba shi lada.

A kakar bara taransfomar ta fara ƙugi tana ɗigar mai, rabin gari da wuta, rabi babu. Ranar da motar kamfani mai ƙugiya ta zo ana tsakiyar cirar gyaɗa, duk wani namiji mai ƙarfi yana gona. Kawu kaɗai ke gida saboda ƙafarsa ta kumbura. Matan da ke layin famfo su ne shaidu, daga nesa. Abin da suka ce sun gani shi ne Kawu ya daɗe da shugaban ma'aikatan, an miƙo takarda, ya sa hannu, sun yi musabaha, aka ɗaga taransfoma aka tafi da ita. Da maza suka dawo da yamma ya ce musu gyara aka kai ta, an ce sati biyu. Wani ya ce, kai da ba ka yarda da kowa, yau kuma ka yarda? Ya ce bai yarda ba, shi ya sa ya karɓi takarda. Ba wanda ya ce ya nuna ta. Sati biyu ya wuce shiru, a na uku sai ga kafinta a kan zaurensa yana buga sabon kwano.

Ba a fitila rashin wutar ya fi ciwo ba. Rijiyar burtsatsen gari da wuta take jan ruwa. Tanki ya bushe, aka koma tsohuwar rijiyar bayan gari mai shegen zurfi. Mai injin niƙa ya ɗan gwada da dizal, ya ga ba riba, ya rufe. Mai walda ya kwashe kayansa ya koma Tofa. Takardar kuɗin wuta kuwa ba ta fasa zuwa ba duk ƙarshen wata, sai ka ce muna sha.

Mu yadda muka iya neman abu wurin babba shi ne gaisuwa. Mai unguwa ya ɗebi dattawa uku, aka ɗaure zabi huɗu, aka cika ƙaramin buhu da gyaɗa, aka je ofishin kamfani aka gai da manaja. Ya karɓe su hannu biyu, ya sa aka kawo ruwa mai sanyi, ya ce ai garinmu garinsa ne, su je su kwantar da hankali. Sau huɗu ana wannan tafiya, kowace da zabinta. A ta biyu Kawu ya bi su. Ana cikin godiya ya ce, ranka ya daɗe, a ɗan ba mu a rubuce cewa mun zo. A mota mai unguwa ya balbale shi da faɗa, wai ya zubar musu da mutunci, mutum ya karrama ka kai kana neman sa shi rantsuwa. Ba a sake tafiya da shi ba. Da labarin ya iso gari, wasu cewa suka yi ai shiri ne tsakaninsa da manajan, don a ce ba ruwansa.

A rediyo Kawu ya ji labarin wata hukuma, a wani shirin safe. Aka ce akwai hukumar da gwamnati ta ɗora a kan kamfanonin wuta ta riƙa sa musu ido, har jihohi ma yanzu an ba su ikon riƙe tasu. Tambayar da ya fara yi mini ita ce wa ke biyan albashin ma'aikatanta. Na ce ban sani ba. Ya ce to in kamfani ke ciyar da su, magana ta ƙare. Duk da haka ya shiga mota shi kaɗai ya tafi birni, ya wuni a kan benci, ya dawo ya zaunar da ni ya yi mini karatu, ni da nake malami. Ya ce hukumar nan ba ta da falwaya ko ɗaya, ba ta sayar da wuta. Ita ke ba kamfani lasisi, ita ke duba farashi kafin a ɗora wa mutane, ita ke shimfiɗa ƙa'ida, kamar sarkin kasuwa da mudun awo. Sun gaya masa gyaran taransfoma da sauya ta nauyin kamfani ne, ba na masu shan wuta ba. Sun kuma ce ko gari ne ya saya, ranar da aka jona ta da layi ta shiga hannun kamfani, sai in an yi yarjejeniya a rubuce tun farko. Wannan ta ƙona masa rai ƙwarai, don shi ma buhu guda ya bayar a wancan karo-karon. Sannan ba sa sauraron ƙara sai ka fara kai kuka wurin kamfanin a takarda, an buga maka hatimi a kwafinka, ka jira kwanakin da ƙa'ida ta yanka.

Ya ce, "Ka ga zabin nan goma sha shida? A wurin hukuma ba mu taɓa zuwa ba."

Ni na rubuta masa wasiƙar farko da Turanci. Ya sa na fassara masa ita layi-layi, sannan ya ce in sake daga farko, yana sauraro ko zan sauya wani abu. Ya kai da kansa, ya dawo da hatimi.

Da bazara ta yi zafi haƙuri ya ƙare. Bayan sallar Juma'a aka tsaya a harabar masallaci, mai unguwa ya ce a sake karo-karo a sayi wata, an ma sami wanda zai kawo ta hannu da sauƙi. Kowa ya yi na'am, sai Kawu ya miƙe. Ya ce ba zai ba da ko ƙwayar gero ba, kuma yana roƙon kowa kada ya bayar. In an saya yau, gobe ita ma ta zama ta kamfani, tsohuwar ta tafi ke nan, ƙarar da ya fara kuma ta mutu don za a ce ai kuna da wuta. Ya kuma tambaya wa ya tabbatar wadda za a kawo ɗin ba daga wani gari aka kwanto ta ba. Daga bayan sahu mai injin niƙa ya ce wanda zaurensa ba ya yoyo ai ba ya gaggawa. Aka yi wata 'yar dariya marar daɗi. Kawu ya juya ya ce wanda ya yi maganar ya matso ya maimaita. Ba wanda ya matso. Karo-karon ya watse, don maganar sata ta tsorata wasu, daga nan aka ɗora wa Kawu laifin duhun gaba ɗaya. Majalisar da ke zama a ƙofarsa bayan la'asar ta koma gindin tsamiya, wajen mai shayi.

A cikin watannin nan kowace safiya yakan ɗaura wa shanunsa amalanke, ya jera jarkoki, ya ɗebo ruwa ya kai wa tsofaffin da ba su da mai ɗebo musu. Cikinsu har da mahaifiyar mai injin niƙan. Yakan leƙa randa tukuna ya ga ko na jiya ya ƙare da gaske, kada a ce an bai wa awaki. Ko wannan bai tsira ba. Aka ce zuciyarsa ce ke tuhumarsa, shi ya sa yake ɗawainiya.

Kwanakin jira suka cika, kamfani shiru. Wata safiya ina shirin fita makaranta ya zo gidana, ya jingine keke, ya ce lokaci ya yi da za a rubuta ta biyu, wadda za a kai hukuma. A lokacin na gaji. Hannuna ya yi kanta da igiyar guga, a ɗakin malamai ana yi mini habaici, kuma ni kaina kwanon nan ya tsaya mini a rai. Na ce masa, Kawu, mutane fa na magana.

Ya ce, "Labari kake ba ni, ko tambaya kake? In tambaya ce, yi ta, ga ni."

Na dubi ƙasa. Tambayar tana bakina, kwanon nan da me aka saya, shi ke nan. Ban yi ta ba. Kunya ce ko tsoron amsar, har yau ban sani ba. Na ce na makara, ana jirana a aji. Ya ce to, Allah ya ba da sa'a, ya hau kekensa. Daga baya na ji Dawakin Tofa ya je wurin masu buga takarda aka rubuta masa, ya kuma kai wa wani daban ya karanta masa don ya tabbata. Ba mu sake zama irin na da ba. Ina gaishe shi yana amsawa, iyakarta ke nan. Ciwon da ya ɗauke shi kwana shida ne, zazzaɓi da haki, kuma a kwana shidan nan ma ban yi tambayar ba.

Ranar sadakar uku Iya ta bai wa Inna makullin akwatinsa na ƙarfe, Inna ta sa aka kira ni. Takardu ne ɗaure-ɗaure da zare, kowane ɗauri da bayaninsa da ajami. Ta sama ita ce ta ranar ɗauke taransfoma. Akwai sunan shugaban ma'aikatan, akwai lambar motar, akwai wata doguwar lamba da Kawu ya kwafa daga ɗan ƙarfen da ke manne a jikin taransfomar, ya kuma sa su ma suka rubuta ta da hannunsu. Iya ta ce ranar a gaban tayar motar ya zauna da kumburarriyar ƙafarsa, ya ce ko su rubuta ko su taka shi. Ita tana leƙe daga zaure, matan famfo kuwa motar ta kare musu. Na ce, Iya, me ya hana ki faɗa? Ta ce ta faɗa har ta gaji, aka ce ai matarsa ce. A ƙarƙashin wannan na sami takardar cinikin sa daga kara, wato kasuwar shanu, wani sa da ya daɗe da bai wa abokinsa na Makoda kiwo, manne da rasit ɗin kwano, kwana biyu tsakaninsu. Ta ƙarshe gayyata ce daga hukumar zuwa zaman sauraron ƙara, saura kwana tara. Inna ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ta yi in kwashe.

Na so in zagaya gari gida-gida da takardar cinikin san nan. Inna ta hana. Ta ce waɗanda suka ƙi yarda da mutum yana numfashi za su ce takardar ƙirƙira aka yi. Ta ce abu ɗaya ne zai wanke yayanta, taransfoma ta dawo kan dandamalin nan, kuma ta hanyar takardarsa.

Mai unguwa ya bi ni birni ba don ransa ya so ba, Liman ne ya matsa masa. Ɗaki ne madaidaici da dogon teburi, mutum uku a zaune, wata Hajiya a tsakiya ita ke jan zaman. Wakilin kamfani na gefe da kwamfutarsa. Da na ga sun gaisa da ɗaya daga cikin na teburin har da dariya, na ce a raina shi ke nan, an gama da mu. Na faɗa musu mai ƙarar ya rasu, ni ɗan ƙanwarsa ne. Suka yi masa addu'a, suka ce ƙarar ta gari ce, a ci gaba. Wakilin ya ce a bayanansu babu inda aka nuna an ɗauki taransfoma daga ƙauyenmu, ƙila ɓarayi ne suka sa kayan aiki, ana yawan yi. Ya ƙara da cewa kafin wasiƙar da Kawu ya kai musu ba su taɓa samun koke daga wurinmu ba. Mai unguwa ya zabura ya ce sau huɗu yana zuwa da ƙafarsa. Hajiyar ta tambaye shi cikin ladabi ko an ba su wata shaida. Ya ce an ba su ruwa, an rako su har mota. Ta ce, Baba, na yarda ka je, amma ba ni da abin da zan sa a fayil.

Sai na miƙa takardar Kawu. Ta karanta, ta tura wa wakilin, ta ce ya dubi sunan ma'aikacin da lambar motar, sannan ya buga doguwar lambar a kwamfutarsa. Ya daɗe yana kallon gilashin. Ya ce yana neman lokaci ya bincika. Ta ce ita tambayarta ɗaya ce, lambar tana ciki ko ba ta ciki. Ya ce tana ciki. Ta ce yanzu tana ina, ya ce wannan sai ya bincika. Dattijon da ke hagunta ya iya ajami, ya karɓi littafin ƙwan shaida da na taho da shi ya buɗe, ya riƙa karantawa a bayyane, ta zo bayan azahar, ta tafi kafin la'asar, har ya kai shafukan ƙarshe. Can kowace rana layi ɗaya ne, kalma ɗaya: babu. Haka ya jera su har ranar da ciwo ya kwantar da shi. Dattijon ya rufe littafin a hankali ya miƙo mini da hannu biyu. Aka ba da umarni a mayar mana da taransfomar ko a sa wata cikin wa'adi, a kuma soke abin da aka rubuta mana na watannin duhu. Na ce a ba ni a rubuce. Bakina ne ya faɗa tun kafin in yi tunani.

Muka shiga mota da mai unguwa muka bar gari. Sannan ya ce ashe lambar ya rubuta. Na ce e. Ya ce to me ya hana shi nunawa. Na ce wa ya tambaye shi. Ni na faɗi maganar, kuma ni ta fi suka.

Wa'adi ya cika ba mota. Na sake rubutawa, na sake komawa har sau biyu. Ba zan ce hukumar nan ta gama burge ni ba. Har yau ban san wa ke biyan albashinsu ba, kuma ban ji an tsare wani ya faɗi inda taransfomarmu ta shekara ba. Amma ba don ita ba, da har yanzu muna ɗaure zabi. Motar ta zo ana cirar gyaɗa, wannan karon kuwa kowa ya bar gona ya taho. Ma'aikata na shirin saukewa mai unguwa ya ɗaga sandarsa ya ce a dakata, ya kira ni ya ce in hau in duba. Na miƙa wa Liman takardar Kawu, na hau motar. An yi mata sabon fenti, amma ɗan ƙarfen na nan. Na riƙa kiran lambobin ɗaya-ɗaya, Liman na bi da yatsa har ƙarshe. Ita ce. A gefe, ƙarƙashin fentin, akwai inuwar wani rubutu, sunan wani wuri da ba namu ba, ban iya karanta shi duka ba. Na nuna wa ma'aikacin, ya ce shi kawowa kawai aka aiko shi.

Ba zan yi ƙarya in ce gari duka ya tuba ba. Mai unguwa ya shiga har soro ya durƙusa ya roƙi Iya gafara, wannan na gani da idona. Mai injin niƙa kuwa, a ranar na ji shi yana cewa ai da ma Kawu ya san inda take, shi ya sa ya riƙe lamba. Na bi shi har gindin tsamiya na ce labari yake bayarwa ko tambaya yake yi. Ya ce haba Malam, wasa yake.

Bayan la'asar ina zaune a zauren Kawu tare da Inna da Iya, ƙwan nan da ba shi da makunni ya kama da kansa. Iya ta rufe fuska da mayafi. Inna ta miƙa hannu taga ta ɗauko littafin ta ɗora mini a cinya. Ajamina ba kyau, amma na rubuta a ƙarƙashin babu ɗinsa ta ƙarshe cewa ta zo bayan la'asar. Na ce musu kullum ina tunanin da na yi tambayar nan ranar da ya zo gidana, ko me zai ce.

Iya ta sauke mayafin ta ce, "Da makullin akwatin ya fita ranar, a aljihunsa. Ya ce in ka tambaya zai kawo ka ka gani da idonka, don kai ka iya karatu, kuma kai za a yarda da kai."

Wutar ta tafi kafin magariba, na rubuta wannan ma.

Allah ya ji ƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya karɓi shaidarsa. Mu kuma ya yafe mana abin da muka ɗora masa, ni ne a sahun gaba.